Ciwon Ƙirji Alhali Ana Hutawa: Me Ke Dawo da Shi ga Mai Ciwon Zuciya?

A Affala da maƙwabtanta na arewacin Adar, su Barmu da Takanamat da Tebaram, haka ma cikin birnin Tawa, da zarar likita ya ce wa mutum zuciyarsa ba ta da lafiya, to duk ciwon da ya taso masa tsakanin wuya da cibiya an riga an raɗa masa suna. Wani gidan su ce zuciyar ce ta motsa, an saba, a ba shi ƙwayarsa ya kwanta. Wani gidan su ce olsa ce, a jiƙa masa kanwa. Wasu su ce tunani ne ya yi masa yawa, wasu kuma su kai zancen ga iska ko jifa. Maganar zuciya da ta olsa da ta tunani kowacce tana iya zama gaskiya ga wani majiyyaci a wani dare. Inda ruɗanin yake shi ne, a bakin mai ciwo abin iri ɗaya ne, a cikin ƙirji kuwa sababi sun sha bamban: akwai wanda za a iya jira da shi har ranar kasuwa, akwai wanda 'yan awoyi sun ishe shi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Wannan sharhi ya taƙaita ne ga ciwon da ke zuwa ya tafi ya dawo, mutum na zaune ko yana kwance, ba ya aikin komai, kuma an riga an san yana da ciwon zuciya.

Ma'anar kalmomi

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Duk da jinin jiki kaf yana ratsa ta, ba da shi take rayuwa ba. Tana da nata jijiyoyi da ke kwance a kanta suna kai wa tsokar jini da iskar oksijin. Su ake kira jijiyoyin koronari, kuma faɗin manyansu wajen milimita 3 zuwa 4 ne.

Anjina, wadda likitocin da suka yi karatu da Faransanci ke cewa angor, ita ce ciwon da ake ji idan jinin da ke isa tsokar zuciya bai kai yadda take buƙata ba. Likitan Ingila William Heberden ne ya siffanta ta a 1768. Galibi ba suka ba ce irin ta allura. Nauyi ne, ko matsi, ko shaƙewa a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya miƙe zuwa hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu.

Infaktus shi ne mutuwar wani ɓangare na tsokar zuciya saboda jini ya yanke masa gaba ɗaya na tsawon lokaci. Shi ne gidajen rediyo ke kira bugun zuciya. Gazawar zuciya kuwa wani abu ne daban: tsokar ta yi rauni ko ta yi tauri, ba ta tura jini yadda ya kamata, sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Da mai anjina, da wanda ya taɓa yin infaktus, da mai gazawar zuciya, da wanda ƙofofin zuciyarsa suka lalace, duka a gari sunansu ɗaya, mai ciwon zuciya. Amma dalilin ciwon ƙirjin kowannensu yana iya zama daban.

Abin da ya sa hutu ya canja lissafi

Da shekaru, da hawan jini, da ciwon sukari, da taba, maiƙo yakan taru a cikin bangon jijiyar koronari har hanyar jini ta ƙuntata. Idan ƙuncin ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na faɗin jijiyar, mutum yakan fara jin nauyin ƙirji in yana noma, ko faskare, ko jan guga, ko hawan tudu. Ya tsaya, cikin minti biyar ko ƙasa da haka abin ya lafa. Wannan ita ce anjina mai zaman lafiya, wadda mai ita ya san abin da ke tayar da ita da abin da ke kwantar da ita.

Mai lambun albasa zai gane wannan da sauri. Tiyon da laka ta cushe rabinsa yana iya shayar da fangali ɗaya ko biyu, sai an buɗe da yawa ne ruwan ke kasawa. To idan fangali ɗaya kawai aka buɗe amma ruwa ya ƙi zuwa, ba tsohuwar lakar ba ce kaɗai: ko wani abu sabo ya toshe tiyon, ko an take shi, ko injin ne ya raunana. Mai hutawa zuciyarsa tana neman jini kaɗan ne. In har wannan kaɗan ɗin ma bai samu ba, akwai abin da ya sauya, kuma shi ake nema.

Maiƙon da ya fashe

Sababin da likita ke fara tsoro shi ne wannan. Maiƙon da ke cikin bangon jijiya yana da siririyar fata a kansa. Idan ta tsage, jini yakan ɗauki wurin a matsayin rauni ya daskare a kai. Gudan jinin na iya toshe hanya na 'yan mintoci, jiki ya narkar da wani ɓangarensa, jini ya sake wucewa, ciwo ya lafa. Bayan awoyi ko kwana biyu ya sake taruwa. Wannan kai-kawo shi ke kawo ciwon da ke zuwa ya tafi ana zaune, kuma shi ake kira anjina marar tabbas. Ranar da gudan ya toshe hanyar bai narke ba, ranar infaktus ke nan.

A nan ne fahimtar jama'a ta fi yin nesa da ta likita. A gida, ciwon da ya zo sau uku ya tafi da kansa yakan zama abin da aka raina, a ce ai yana yi masa haka, zai wuce. A wurin likita kuwa maimaituwar ce babbar alamar haɗari, musamman in ciwon sabo ne cikin 'yan makonnin nan, ko ya fara daɗewa fiye da da, ko ya kai minti 20, ko aikin da ke tayar da shi yana ta raguwa har ya zama alwala ko tafiya masallaci ta ishe shi. Haka wanda bai daɗe da yin infaktus ba ciwo ya dawo masa a makonnin farko.

Wanda aka taɓa saka wa ƙaramar ragar ƙarfe a jijiya, wadda ake kira sitent, yana da nasa haɗarin. Ragar na iya daskarar da jini farat ɗaya, galibi idan an bar shan maganin hana daskarewa, ko kuma nama ya tsiro a cikinta sannu a hankali cikin watanni. Ba baƙon abu ba ne ɗan Adar da ke bida a Abijan ko Aljeriya ko Libiya a yi masa aikin a can, ya dawo gida da magani na wata biyu, in ya ƙare shi ke nan.

Jijiyar da ke tsuke kanta

A 1959 likitan Amurka Myron Prinzmetal ya bayyana wata irin anjina da ta saɓa wa ƙa'ida. Mai ita yana iya wuni yana aiki lafiya lau, sai tsakar dare zuwa asuba ciwo ya tashe shi daga barci. Jijiyar koronari tana da tsoka a bangonta, kuma a wannan ciwo tsokar ce ke murɗewa ta shaƙe hanyar jini na ɗan lokaci sannan ta saki. Yana iya faruwa a jijiyar da ke da maiƙo, yana iya faruwa a wadda take fes.

Taba ce kan gaba cikin abubuwan da ke jawo shi. Sanyi ma yana tayar da shi, don haka asubar hunturu ta Disamba da Janairu, da alwala da ruwan sanyi, lokaci ne da mai irin wannan ciwo ya kamata ya lura da kansa. Hodar iblis da ƙwayoyin sa kuzari irin amfetamin suna cikin masu haddasa shi. Muhimmancin gane shi yana ga magani. Magungunan da ke sassauta jijiya, dangin amlodifin da nifedifin da diltiyazem, su ne maganinsa, alhali furofuranolol, wanda ke taimakon mai anjina ta aiki, yana iya ƙara masa tsanani.

Akwai kuma waɗanda manyan jijiyoyinsu lafiya lau, amma ƙananan da hoto ba ya nunawa ba sa buɗewa yadda ya kamata. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2010 ya duba kusan mutum 400,000 da aka yi wa hoton jijiyoyin zuciya ba tare da an san suna da ciwon ba tun farko, ya tarar kashi 38 cikin 100 ne kawai ke da toshewa mai yawa. Ba duk sauran ba ne ke da ciwon ƙananan jijiyoyi, amma da yawa suna da shi, kuma ya fi yawa ga mata da masu hawan jini da masu ciwon sukari. Irin waɗannan su ne ake sallama da cewa ba a ga komai ba, su koma gida ana yi musu kallon masu raki.

Zukatan da aka fi gani a Sahel

Duk abin da aka faɗa a sama shi ne ya cika littattafan Turai da Amurka, domin a can toshewar jijiyoyin koronari ce uwar ciwon zuciya. A ƙasashenmu hoton ya bambanta. Binciken THESUS, wanda aka buga a 2012, ya bi mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara. Hawan jini ne sababi a wajen kashi 45 cikin 100, lalacewar ƙofofin zuciya kashi 14, toshewar jijiyoyi kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Saboda haka idan aka ce wa mutumin Affala yana da ciwon zuciya, ya fi yiwuwa na hawan jini ko na lalacewar ƙofofi ake nufi.

Hawan jinin da ya shekara ba a kula da shi ba yakan sa tsokar zuciya ta yi kauri, domin kullum tana tura jini da ƙyar. Tsoka mai kauri ta fi cin jini, jijiyoyin da ke ciyar da ita kuwa ba su ƙaru ba. Idan awon jinin ya yi tsalle, mutum na zaune zai ji ƙirjinsa ya yi nauyi ko da babu toshewa ko ɗaya.

Ƙofofin zuciya sukan lalace tun yarinta. Ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar sitireftokok da ba a yi wa magani ba yana iya sa garkuwar jiki ta juya kan zuciya, bayan shekaru ƙofa ta ƙuntata ko ta riƙa yoyo. Irin wannan majiyyaci sau da yawa matashi ne, ko mace mai tsakar haihuwa. Ciwon ƙirjinsa yana iya fitowa daga hawan jinin huhu, ko daga bugun da ya rikice ya yi gudu.

Mai gazawar zuciya yana da wani ciwo na kwanciya. Da ya miƙe a shimfiɗa, ruwan da ya wuni a ƙafafunsa sai ya komo ƙirji, zuciya ta cika ta kumbura, nauyi da haki su tashe shi bayan awa ɗaya ko biyu. Ya zauna ya jingina, ya ji sauƙi. Wanda ya koma barci a zaune, ko yake tara matasai uku, ba sabon hali ya koya ba. Ruwa ne ya yi masa yawa, kuma maganin fitar da ruwa da rage gishiri ne ke buƙatar gyara.

Sai gazawar zuciya ta jego, wadda ƙasar Hausa na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Binciken Zariya na shekarun 1970 ya ƙiyasta mace ɗaya cikin 100 da suka haihu, na Sakkwato a 2007 ya samu ɗaya cikin 102. Mai jegon da ke da wannan ciwo in ta yi kukan ƙirji, abin tsoro na farko gudan jini ne da ya tafi huhu, domin jego da raunin zuciya kowannensu yana sa jini saurin daskarewa. Ciwon yakan zo kwatsam, ya ƙaru in an ja numfashi, tare da haki, wani lokaci da tarin jini.

Akwai kuma ciwon jakar zuciya, domin zuciya tana cikin wata jaka ce mai ruɓi biyu. Idan jakar ta kumbura, ciwon yakan zama mai kaifi, ya tsananta in an kwanta rigingine ko an ja dogon numfashi, ya sassauta in an zauna an sunkuya gaba. Yana da halin dawowa bayan ya warke. A Afirka tarin fuka na cikin manyan masu kawo shi, kuma yakan biyo bayan infaktus ko tiyatar zuciya da 'yan makonni. Mai wannan ciwo in yana rama, yana zazzaɓin yamma da gumin dare, gwajin tarin fuka yake buƙata kafin komai.

Abin da ke matsa wa zuciya daga waje

Wani lokaci zuciyar tana nan yadda take, jiki ne ya ɗora mata kaya. Ƙarancin jini shi ne misali mafi kusa: jinin da ya tsinke ba ya ɗaukar oksijin sosai, dole zuciya ta ƙara gudu, jijiyar da ke wadatarwa da ta kasa. Zazzaɓin cizon sauro na damina, zubar jinin haihuwa ko haila, tsutsar ciki, da gyambon ciki mai tsiyayar jini a ɓoye duk suna kai wa ga haka. Zazzaɓi kowane iri yana ƙara gudun zuciya. Haka ƙishirwa da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi a Tawa ke haura digiri 40. Maƙoƙon da ke aiki fiye da kima yana yin haka shi ma. Mai amosanin jini kuma yana da nasa ciwon ƙirji mai haɗari, wanda daga huhu yake tasowa.

Wannan rukuni yana da daɗin sha'ani ta fuska ɗaya: awon jini da gwajin zazzaɓi abubuwa ne da ake samu kusa da gida, kuma in an gyara su ciwon kan tafi.

Maganin da aka bari da wanda aka ƙara

A ganina, a karkara wannan ne sababin da ya fi saurin gyaruwa kuma aka fi mantawa da shi. Maganin zuciya ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Wanda ke shan atenolol ko bisofurolol ya yanke rana ɗaya, zuciyarsa na iya zabura fiye da yadda take kafin ya fara, anjina ta dawo da ƙarfi. Wanda ya bar asfirin ko kulofidogirel bayan an saka masa raga ya buɗe wa gudan jini ƙofa. Dalilan barin sanannu ne: kuɗi sun ƙare, farmasi na da nisa, an ji sauƙi, ko azumi ya zo an rasa yadda za a tsara lokutan sha. Kyautar magani da Nijar ta soma a 2006 ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tiyatar haihuwa da makamantansu, ba ta haɗa da ƙwayar hawan jinin dattijo ba. Rage kuɗin asibitocin gwamnati da aka yi a 2024 ya sauƙaƙa ganin likita, amma sayen magani kowane wata har ƙarshen rai yana nan kan iyali.

Abin da ake ƙarawa ma yana da nasa laifi. Diklofenak da ibufurofen, da ake saye a tire don ciwon gwiwa da baya, suna tara ruwa a jiki, suna ɗaga awon jini, suna cin ciki. Tun 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba mai toshewar jijiyoyin zuciya ko gazawar zuciya diklofenak. Kanwar da ake jiƙawa don ƙwannafi cike take da sodiyam, wato abin da aka hana mai hawan jini a gishiri. Turamol yana iya rufe ciwon har lokacin ceto ya wuce. Mafi haɗari duka shi ne haɗa maganin ƙarfin maza dangin sildenafil da tirinitirin, ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe: awon jini na iya faɗuwa warwas. Kunya ba ta da wuri idan ma'aikacin jinya ya tambaya ko ana shan irin wannan magani.

Idan ba zuciyar ba ce

Mai ciwon zuciya bai tsira daga sauran cututtuka ba, hasali ma magungunansa na jawo masa wasu. Asfirin yana iya kawo gyambon ciki. Amlodifin da tirinitirin suna sassauta bakin tumbi, tsami ya riƙa hawowa maƙoshi, musamman in an ci tuwo da yaji da daddare aka kwanta nan take. Hanyar abinci tana bayan zuciya ne daf da ita, kuma jijiyoyin da ke kai saƙon ciwonsu suna haɗuwa, shi ya sa ƙwaƙwalwa ke kasa bambancewa. Ciwon guringuntsin haƙarƙari, ciwon huhu, tsakuwar matsarmama, da firgici mai zuwa da faɗuwar gaba da haki duk suna kwaikwayon zuciya.

Gwaje-gwajen gida ba abin dogaro ba ne. Lafawar ciwo bayan tirinitirin ba ta tabbatar da zuciya ba, domin tana kwantar da murɗawar hanyar abinci ma. Lafawarsa bayan gyatsa ko maganin olsa ba ta wanke zuciya ba, domin anjina marar tabbas da kanta take lafawa, kuma infaktus na ƙasan zuciya yakan zo da ciwon saman ciki da amai. Ciwon da za a nuna da ɗan yatsa ɗaya, ko mai ƙaruwa in an danna wurin, ko mai wucewa cikin daƙiƙa biyu, ya fi kama da na tsoka da ƙashi. Wannan rinjaye ne kawai, ba hukunci ba. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari kuma suna iya yin infaktus da ɗan ciwo kaɗan, sai haki da gumi da kasala.

Akwai wani sababi da ba a cika gani ba amma yana kisa da sauri: tsagewar babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, galibi ga mai hawan jini. Ciwo ne na farat ɗaya, mai tsanani tun daga farko, kamar ana yaga ƙirji zuwa baya.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

An daɗe ana koyar da cewa toshewar jijiyoyin zuciya ba ciwon baƙar fatar Afirka ba ne. Masu wannan ra'ayi suna da hujja a alƙaluma irin na THESUS. Masu ja da su suna cewa abin da ba a auna ba ba a ganinsa, kuma wanda infaktus ya kashe a gona ko a hanya ba ya shiga rajistar asibiti. Suna ƙarawa da cewa abinci da zama sun canja, sukari da taba da ƙiba sun yawaita a birane. Rajistar da Farfesa Simeon Isezuo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya jagoranta ta tattara sama da mutum 1,000 masu wannan ciwo a asibitocin Najeriya tsakanin 2013 da 2018, kuma akasarinsu sun iso a makare. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne, ciwon bai kai hawan jini yawa ba, amma yana nan, kuma rashin yawansa ba ya amfanar wanda ya faɗa kansa.

Kan ciwon jego ma an yi saɓani. Masu binciken Zariya sun ɗora laifi kan wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta da kunun kanwa. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Daga baya aikin Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fi karkata ga talauci da rama da ƙarancin seleniyam da hawan jinin ciki fiye da al'adun jego. Ko ma wane ne ya fi gaskiya, babu mai cewa kanwa tana amfanar zuciyar da ta riga ta raunana.

Na uku shi ne batun raga. Manyan gwaje-gwaje biyu, COURAGE a 2007 da ISCHEMIA a 2020, sun nuna cewa ga mai anjina mai zaman lafiya, saka raga bai fi shan magani yadda ya kamata hana mutuwa ba. Wannan albishir ne ga wanda ba shi da halin tafiya waje. Sai dai sakamakon bai shafi mai ciwon hutu sabo ba, wanda buɗe jijiya da wuri ke iya ceton ransa.

Masu cewa tunani ne ba su ɓata gaba ɗaya ba. Fushi da firgici suna ɗaga awon jini da gudun zuciya, suna iya tsuke jijiya, kuma likitocin Japan sun bayyana a 1990 wani raunin zuciya na wucin gadi da ke biyo bayan mummunan labari. Amma wannan hukunci ne da ake yankewa bayan gwaji, ba kafinsa ba. Addu'a da rubutu ba sa hana zuwa likita, ana iya yin su a hanya. Ƙaho da tsaga kuwa suna da haɗarin zubar jini ga mai shan maganin hana daskarewa.

Gwaji, nisa da lokaci

Gwajin farko shi ne ECG, takardar da ke zana wutar bugun zuciya. Ƙa'idar duniya ita ce a yi shi cikin minti 10 da isowar mai ciwon ƙirji. Yana da iyaka: in ciwon ya lafa kafin a iso, takardar na iya fitowa lafiya lau, don haka ake maimaitawa, kuma ake son a kwatanta da tsohuwa. Na biyu turofonin, sinadarin da ke fita cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, wanda yakan ɗauki awoyi kafin ya hau, shi ma ana maimaita shi. Na uku eko, hoton zuciya da sauti, wanda ke nuna kaurin tsoka da ƙofofi da ruwan jaka. A ƙasar da hawan jini da ƙofofi da jego suka fi yawa, eko ɗaya mai kyau yakan warware rabin tambayar.

Lokaci kuwa ba ya jira. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa 12 na farko, kuma amfaninta mafi girma yana cikin awa biyu zuwa uku. Gwajin ISIS-2 na 1988 ya nuna asfirin kaɗai, in an ba da shi da wuri, yana rage mutuwar infaktus da wajen kashi 23 cikin 100. Mutumin ƙauyen Affala sai ya nemi babur ko amalanke zuwa CSI, wato cibiyar lafiya ta karkara, daga nan a tura shi babban asibitin jiha a Tawa, in abin ya fi ƙarfin nan kuma Yamai na da nisan wajen kilomita 550 ta Birnin Ƙonni da Doso. Duk awar da aka ɓata a gida ana jiran gari ya waye, daga wannan ɗan lokacin aka cire ta. Tsokar da ta mutu ba ta dawowa, tabo take zama, kuma wanda ya tsira da babban tabo shi ne mai gazawar zuciya na baɗi.

Saboda wannan nisa, alamun tashi nan take ya kamata kowa a gidan ya san su: ciwon da ya kai minti 15 zuwa 20 bai lafa ba, ko wanda tirinitirin ba ta taɓa shi ba bayan minti biyar, ko mai zuwa da gumi mai sanyi, amai, haki, jiri ko suma. Majiyyacin ya zauna a jingine, kada ya taka da ƙafa, kada ya tuƙa babur da kansa. Tauna asfirin na miligiram 300 yana taimakawa in ba shi da gyambo mai jini, jikinsa ba ya ƙin maganin, kuma ciwon ba irin mai yagawa zuwa baya ba ne. Wannan shawara ce da ya kamata a nema wurin likita tun ana lafiya, a san amsarta kafin daren ya zo.

Wanda ciwon ya zo masa ya tafi kuwa, kwanakin sauƙin nan su ne damarsa. Ya je a duba shi a ranar ko washegari, ɗauke da duk kwalayen maganin da yake sha, har na tire da na gargajiya, da tsofaffin takardun ECG da eko. Ya iya faɗin lokacin da ciwon ke zuwa, minti nawa yake yi, abin da yake yi sa'ad da ya taso, ko kwanciya ko abinci ko numfashi na canja shi, da ranar da ya sha maganinsa na ƙarshe. Ta ɓangaren hukuma, na'urar ECG ba ta cikin kayan asibiti masu tsada, kuma ma'aikacin jinya na iya ɗaukar hoton takardar da waya ya aika wa likitan zuciya ta WhatsApp ya samu amsa kafin a tayar da mota. Abin da tsarin ke buƙata shi ne na'urar da takardarta da wutar da za ta kunna ta a CSI, da likitan da aka ɗora wa alhakin amsa wayar dare da rana.